Bindiga Mai Sakata In Ta Ƙi Ɗaukar Harsashi

Da zarar dawa ta fid da kai, gyaɗa kuma ta ƙosa a ƙasa, manomin da gonarsa ke bakin daji ba shi da sauran barci. Gyado ya kan shigo da dare ya tone kunya goma kafin gari ya waye, birai kuwa su sauko da hantsi su kakkarya masara, abin da suka ɓata ya fi abin da suka ci. A irin wannan lokaci ne mai lasisin bindiga ya kan tuna da tsohuwar bindigarsa wadda ta shekara rataye a bayan ƙofa. Harbin farko ya tashi lafiya. Ya ja sakata don ya ɗora na biyu, sai ta cije, ba gaba ba baya. Ga dabba da rauni a gabansa, ga bindiga ta koma sanda. Gyadon da aka yi wa rauni kuwa ba abin wasa ba ne, haurensa ya kan tsaga cinyar mutum.

Abin da yawancin mutane su kan ce a nan shi ne bindiga ta tsufa, sai a kai ta maƙera a goge ta da magagari. Nan babbar hasara ta ke. Bindiga mai sakata tana cikin kayan ƙarfen da suka fi ƙarko. Akwai waɗanda aka ƙera tun kafin yaƙin 1914, har yanzu ana farauta da su a ƙasashe da dama. In ta ƙi ɗaukar harsashi, galibi laifin daga hannun mai ita ne, ko daga harsashin, ko datti, ko sifirin da ya gaji. Duk waɗannan ana maganinsu ba tare da an rage wa bindiga ko ƙwayar ƙarfe ba. Dabarar ita ce a bi harsashi sawu da sawu har a ga daidai inda ya tsaya, gama inda ya tsaya, nan ciwon ya ke.

TAFIYAR HARSASHI

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, albarushi a cikinsa, dalma a bakinsa, da 'yar cibiya a gindinsa wadda allurar bindiga ke sara ta kama wuta. Kewaye da gindin kuma akwai zobe, shi ne abin da a ke kamawa a jawo kwanso waje bayan harbi.

Sakata ita ce sandar ƙarfen nan mai mariƙi a gefe, wadda a ke ɗagawa a ja baya, a tura gaba a kulle, tamkar sakatar ƙofa. A ƙarƙashinta akwai rumbun harsashi, wanda soja ke kira magazin. A gindin rumbun akwai sifirin na falle-fallen ƙarfe mai lanƙwasa, a bisansa akwai ɗan faranti, a bisa farantin harsasai ke kwance. A bakin rumbun akwai leɓuna biyu, dama da hagu, su ne ke tare harsashin sama kada ya yi tsalle tun lokacinsa bai yi ba.

Tafiyar zango biyar ce. Na farko, a ja sakata baya, ƙugiyar da ke goshinta ta jawo tsohon kwanso, wani ɗan ƙarfe ya doke shi ya faɗi gefe. Na biyu, sifirin ya ɗago sabon harsashi har ya dangana da leɓuna. Na uku, a tura sakata, goshinta ya kama gindin harsashin. Na huɗu, kan harsashi ya hau wani ɗan tudu mai santsi da ke gaban rumbu, gindinsa ya kuɓuce wa leɓuna, ya shige ɗaki, watau kogon da ke farkon bututu. Na biyar, a sauke mariƙi, sakata ta kulle. Kowace irin gardama da bindiga za ta yi, a ɗaya daga cikin zangon nan biyar ta ke.

Wajibi ne kuma mai bindiga ya san ƙugiyar tasa wace iri ce, don iri biyu ne. Akwai ƙirar Mauser ta 1898, wadda Paul Mauser ya fito da ita a garin Oberndorf na Jamus, masana'antu da yawa kuma suka kwaikaya. Ita ƙugiyarta doguwa ce, faffaɗa, tana kwance a gefen sakata. Da harsashi ya bar rumbu sai zobensa ya zame ƙarƙashinta, ta riƙe shi har ɗaki. Bindigar Winchester 70 ta Amurka da wannan ƙira ta fito a 1936. Iri na biyu 'yar ƙaramar ƙugiya gare ta. Sakata tura harsashi kawai ta ke yi, ƙugiyar ba ta kama zobe sai an kulle. Remington 700 ta 1962 haka ta ke, ita ma Winchester 70 a 1964 aka juya ta zuwa wannan ƙira. Saboda haka bindiga biyu na iya zama da suna ɗaya, halinsu ya bambanta.

KAFIN A TAƁA KOME

Ba a binciken bindiga da harsashi mai rai a cikin gida. A fita waje, a juya bakinta wajen tudun ƙasa inda ba mutum ba dabba, a janye yatsa daga kunama, a zazzage rumbu, a ja sakata, a duba ɗaki da ido, a kuma sa ɗan yatsa a taɓa. Mutane da yawa an kashe su a gida da bindigar da aka ce ba kome cikinta.

Masu sayad da kayan farauta suna da harsashin gwaji, wanda ba albarushi a cikinsa, cibiyarsa kuma ba ta kama wuta, amma tsawonsa da kaurinsa daidai da na gaske. Guda biyar sun isa. Da su a ke cika rumbu, a tura sakata sannu sannu ana kallo. In an shafa wa ɗaya baƙin tukunya ko tawada kafin a tura shi, duk inda ƙarfe ya gurje shi zai bar alama, alamar nan kuwa ta fi kowane zato gaskiya.

HANNU DA HARSASHI

A fara da abin da ba ya cin ko kwabo, watau hannun mai harbi. Mutum in ya ga dabba jikinsa ya kan ɗauki rawa, sai ya ja sakata rabi ya mayar. Sakatar ba ta wuce gindin sabon harsashi ba balle ta kama shi, don haka ta kan kulle a kan ɗakin da ba kome, ko ta mayad da tsohon kwanso ciki. A ƙirar Mauser ma ɗan ƙarfen da ke fid da kwanso ba ya aiki sai sakata ta kai ƙarshen tafiyarta. Maganin wannan shi ne a ja ta da ƙarfi har ta buga, a tura ta da zuciya ɗaya. Ba ta karyewa don wannan, domin haka aka yi ta. Wanda ya ke lallaɓa ta shi ya fi samun cijewa.

Sa'an nan ɗuri. Rumbun Mauser na asali biyar ya ke ci, a jere biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane harsashi a danna shi ƙasa, a tura shi baya har gindinsa ya taɓa bangon rumbu. Wanda ya cusa na shida da ƙarfi ya danne sifirin har ƙasa, sakata za ta yi nauyi ko ta ƙi wucewa. Har wa yau bindiga mai doguwar ƙugiya ba a jefa mata harsashi cikin ɗaki da hannu a rufe sakata a kansa. A tsofaffin ba a yi ƙugiyar don ta tsallake zobe ba. In aka tilasta ta, ko dai sakata ta ƙi rufuwa, ko ƙugiyar ta karye. Ko harsashi ɗaya za a harba, a sa shi cikin rumbu, sakata ta ɗauka da kanta.

Bayan hannu sai harsashi. A karanta lambar da aka buga a jikin bututu, a karanta wadda ke gindin kwanso, su zama ɗaya harafi da harafi. Kama da wane ba ta wane ba ce. Misali, harsashin Jamus mai lamba 8x57 iri biyu ne. Na farko kaurin dalmarsa inci .318 ne. A 1905 sojan Jamus suka koma ga mai kauri .323, aka ƙara masa harafin S, amma maƙeran bindigar farauta suka ci gaba da yin tsohon bututu shekaru da yawa bayan haka. Mai kaurin in aka harba shi a matsattsen bututu, ƙarfin wutar ya kan wuce abin da aka yi bindigar domin ta ɗauka. Haka kuma 7x57 daban, 7x57R daban, 7x64 daban, ko da ya ke a tafin hannu sun yi kama.

A duba jikin kowane harsashi. Wanda ya lotsa, wanda ya yi koren tsatsa, wanda dalmarsa ke motsi ko ta nutse cikin kwanso, a ware shi. Harsashin da ya daɗe a rumbu ana harba na samansa, duk bugun da bindiga ta yi sai kansa ya doki bangon gaba, har dalmar ta baje kamar kan turmi. Irin wannan shi ke tuntuɓe a tudu. Da yawa daga bindigogin da aka fara ƙera su domin soja kuwa da harsashi mai tsini aka daidaita su, waɗansunsu ba sa son mai dunƙulallen kai. In bindiga tana cin wani iri lafiya tana ƙin wani, ba ta da ciwo, a tsaya ga irin da ta ke so.

IN SAKATA TA WUCE TA BAR HARSASHI

An ja sakata har ƙarshe, an tura, amma ta bi ta kan harsashi ta wuce, ko ta cake shi a ciki ta lotsa shi. Ma'anar wannan ita ce gindin harsashi bai taso ba. A danna faranti da yatsa a sake shi, a gaba da baya. In ya taso da sauri, lafiya. In ya taso da kasala, ko ya maƙale a hanya, ko ana jin ƙaras-ƙaras, to a buɗe rumbu.

A yawancin bindigogin farauta murfin ƙasan rumbu yana da ɗan maɓalli. A na soja irin na Mauser akwai 'yar huda kusa da kunama, a danna abin da ke cikinta, a zame murfin baya, sai ya fito tare da sifirin da faranti. Kafin a raba su a lura sosai da wane gefe ne gaba, don sifirin da aka mayar a juye shi kansa ya kan haddasa wannan ciwo, sau da yawa ma bayan an wanke bindiga ne ta ke fara gardama. Abin da a kan tarar a ciki shi ne ƙurar hunturu da ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar kwalli, da ƙaiƙayi, da 'ya'yan ciyawa, da tsatsa. A wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a goge da tsumma har ya bushe.

In sifirin ya tsage, ko tsatsa ta ci shi, ko ya kwanta ba ya miƙewa, sai sabo. Miƙe shi da hannu dabarar kwana biyu ce, zai koma yadda ya ke, watakila ranar da aka fi bukatarsa. Alamar sifirin da ya gaji ita ce harsasan farko su shiga lafiya, na ƙarshe ɗaya ko biyu su ƙi, gama a nan ne ƙarfin turinsa ya fi raguwa.

Bindigar da a ke cire rumbunta gaba ɗaya, kamar yawancin ƙananan nan masu lamba .22, a tabbata rumbun ya shiga har ya yi ƙara. In ɗan maƙallin da ke riƙe shi ya cinye, rumbu ya kan sauka kaɗan, kaurin farce ma ya isa sakata ta kuskure harsashi. A tallafe shi da tafin hannu a gwada. In ta ɗauka, an gane mai laifi. In akwai wani rumbu irinsa, a musanya a gani.

Akwai wani abu da ba ciwo ba ne, amma ya kan tsorata wanda bai sani ba. Waɗansu bindigogin Mauser na soja in rumbu ya ƙare sai faranti ya taso ya tare sakata, ta ƙi tafiya gaba. Da gangan aka yi haka don soja ya san harsashinsa ya ƙare. A danna farantin da yatsa, sakata ta wuce.

IN ZOBE YA HAU ZOBE

Waɗansu harsasai zobensu ya fi jikin kwanso faɗi, kamar bakin faifai. Shahararre cikinsu shi ne .303 na Ingila, abincin bindigar Lee-Enfield mai cin goma, wadda sojan Nijeriya suka riƙe a yaƙin Bama a 1944 da 1945. Haka .22 da .22 Hornet su ke. Irin waɗannan in zoben harsashin sama ya faɗa bayan zoben na ƙasa, sakata na turawa sai ya sarƙe, ya tsaya cik kamar an kafe shi. Ƙa'idar ɗurinsu ɗaya ce: zoben na sama kullum ya zauna gaban zoben na ƙasa, kamar matakala. In ya sarƙe kada a buga sakata. A ja ta baya, a danna harsashin ƙasa da yatsa, a gyara masa zama.

IN KAI YA YI TUNTUƁE, KO HARSASHI YA YI TSALLE

Sakata ta kama gindi, amma kan harsashi ya soki bangon rumbu ko gindin tudu ya tsaya. In an riga an duba dalma da sifirin, a duba tudun kansa. Tsatsa da busasshen mai da gurbin dalma su kan mai da shi kaushi. A goge shi da tsumma da kananzir har ya yi ƙyalli, iyakarta ke nan.

Daga nan a duba ƙota. Ƙusoshin murɗi biyu ne, a waɗansu uku, ke haɗa ƙarfen bindiga da rumbu da itace. Itace kuwa rai gare shi: da damina ya sha laima ya kumbura, da rani ya bushe ya tsuke. In ya tsuke ƙusoshi su kan saki, rumbu ya sauka ko ya karkace, harsashi ya taso a gicciye. A ɗaure su da sukundireban da ya cika bakinsu daidai, a ɗaure sosai amma ba da mugunta ba. Wanda ya matse su fiye da kima ya kan murƙushe itace ko ya danne rumbu. In an taɓa musanya ƙusa da wata da ta fi ta tsawo, kanta na iya leƙowa ciki ya tare sakata.

Akasin tuntuɓe shi ne tsalle, watau a ja sakata sai harsashi ya fito da kansa, ko biyu su taso tare. Wannan ciwon leɓuna ne: sun buɗe, ko sun cinye, ko wani ya riga ya kai musu magagari. A kan same shi kuma a bindigar da aka sake wa bututu zuwa wata lamba, aka bar leɓunan da aka yanka domin harsashin farko. In rumbun na cirewa ne, a nemi wani. In leɓunan a jikin bindiga su ke, kamar a Mauser, aikin ya wuce na gida.

IN YA TSAYA RABI, KO SAKATA TA ƘI KULLUWA

A bindiga mai doguwar ƙugiya harsashi ya kan tsaya rabi a ciki rabi a waje, a karkace, don zobensa ya kasa zamewa ƙarƙashin ƙugiya. A cire sakata, a duba goshinta. Ɓarɓashin tagulla da datti su kan taru a ƙarƙashin ƙugiyar. A sakace su da tsinke da buroshi. In gindin harsashin gwaji ya fito da zane mai zurfi, akwai ƙarfen da ya yi kaifi a wurin, sai a nuna wa gwani.

In kuwa harsashi ya shiga amma mariƙi ya ƙi sauka, akwai abin da ya tare shi a ɗaki. Kada a buga mariƙi da dutse, ko da ice, ko da tafin hannu. A fid da harsashin, a sake karanta lambarsa, a cire sakata, a ɗaga bututu wajen haske a leƙa ta baya. Wani lokaci tsatsa ce. Wani lokaci tsohon kwanso ne ya tsinke, gindinsa ya fita, gabansa ya zauna a ɗaki. Wani lokaci dalma ce ta maƙale a bututu daga harbin da bai yi ƙarfi ba. Zanzaro ma ya kan gina ɗakinsa na laka a bakin bindigar da ta daɗe a rataye. Wanda ya harba a kan ɗayan waɗannan, bututu na iya fashewa a fuskarsa.

Ƙananan bindigogi masu lamba .22 suna da nasu hali. Dalmarsu tana da kakin da ke kwasar yashi in an zuba su tsirara a aljihu. In an daɗe ana harba gajeren harsashi a ɗakin dogo, datti ya kan yi zobe a ɗakin, dogon ya ƙi shiga sai an wanke. A tsofaffinsu kuma yawan jan kunama ba harsashi ya kan sa allura ta doki bakin ɗaki har ya lotsa.

Tsatsar ɗaki tana da wani sanadi da ya kamata a sani. Yawancin harsashin soja na zamanin yaƙin 1939 zuwa 1945 cibiyarsa tana barin wani irin gishiri a bututu bayan harbi. Gishirin nan yana jawo laima, mai kuwa ba ya narkar da shi. Ruwan zafi ke wanke shi, a ranar da aka yi harbin, sa'an nan a busar, a shafa mai. Ɗakin da tsatsa ta riga ta rarake ya kan riƙe kwanso, ƙugiya ta zame ta bar shi, sabon harsashi ya zo ya tarad da ɗaki a cike.

BIYU A ƘOFA ƊAYA

Wannan ita ce cijewar da ta fi kowace hatsari, ta fi kuma faruwa a bindiga mai ƙaramar ƙugiya. Mutum ya tura sakata, harsashi ya shiga ɗaki, bai kulle ba ya sake ja baya. Ƙugiya ba ta kama na farko ba, yana nan a ciki da ransa. Ya sake turawa, sakata ta ɗauko na biyu, tsininsa ya nufi cibiyar na farko. In aka buga da ƙarfi, na farko na iya tashi alhali sakata a buɗe ta ke. Abin yi shi ne a tsaya, a juya baki wajen ƙasa, a ja sakata baya, a buɗe murfin rumbu harsasai su zube, a cire na biyu da yatsa, sa'an nan a rufe sakata a kan na farko a jawo shi.

Harsashi mai rai in ya kafe a ɗaki ya ƙi fita, ba a zura sanda ta baki a doke shi. A cire sakata, a kai bindigar wurin gwani a haka. In kuma an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta a inda ya ke, a ƙirga talatin a hankali kafin a buɗe, don tsohon harsashi ya kan yi jinkirin kama wuta.

MAGAGARI DA MAI

Leɓuna da tudu da ƙugiya an yanka su ne da awo wanda ya fi kaurin gashi ƙanƙanta, kowane kuma domin irin harsashi ɗaya. Maƙerin gari gwani ne wajen garma da lauje da gatari, amma ba shi da ma'aunin wannan aiki. Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa, tsofaffin bindigogi da yawa kuwa an daina yin kayansu. A Mauser tudun nan yana jingine da kafaɗar da ke riƙe sakata sa'ad da wuta ta tashi, wanda ya rage shi ya rage abin da ke tsakanin fuskarsa da wutar. Garin gyaran gira a kan rasa ido.

Mai ma yana da ƙa'ida. Man gyaɗa da man ja da man kaɗanya ba na bindiga ba ne, su kan daskare su yi danƙo. A nemi man bindiga, in babu, man keken ɗinki. A ɗiga a tsumma a shafa wa sakata sama-sama. Cikin rumbu a bar shi kusan a bushe, musamman da hunturu, gama mai da ƙura in sun haɗu laka su ke zama. Ɗaki kuma a goge shi tas kafin harbi, don kwanso yana bukatar ya kama bangon ɗaki. In akwai mai sai ya zame, nauyin duka ya koma kan sakata. Harsashi kansa ba a shafa masa mai. A ajiye shi cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi marar laima, a kulle, daban da bindiga, inda yara ba su kaiwa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka mai ɗuri ta baki, lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ya ke. Bindigar farauta, lasisinta daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda aka haramta, cikinsu har da bindigogin soja masu lamba .303 da .300 da 7.62 da 9; waɗannan ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa tare da bindiga, don haka wanda ya gaji bindiga sai ya kai maganar ofishin 'yan sanda. Gyaran bindiga ma ba kowa doka ta yardar wa ba, a can ne za a nuna wa mutum mai izinin yi. Giwa da sauran namun da doka ta kare kuwa, in sun shiga gona, ma'aikatan gandun daji a ke kai wa ƙara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun shuka tana gwiwa ya kamata mai bindiga ya sauke ta, ya leƙa bututu, ya wanke rumbu, ya taɓa ƙusoshi, ya ware harsasan da suka lalace, ya cika rumbu da na gwaji ya zazzage su sau uku, da sauri kamar yadda zai yi a gona. In duka sun shiga sun fita, ta isa fita. In ɗaya ya tsaya, ya san zangon da zai duba, yana kuma da sauran makonni kafin dawa ta nuna.